Takardun da Muka Binne a Ringim

Wannan babin na daɗe ina kewaya shi. Na rubuta muku yarintata, na rubuta shekarun da na yi ina buga tafireta a ma'aikata, amma duk lokacin da na iso nan sai in ajiye biro in ce gobe. Abin da ya zaunar da ni yau shi ne, ranar sunan 'yar ɗan'uwanku Usman ina zaure na jiyo gwaggonku tana ba mata labari wai aljanu ne suka shanye littafin kakanku daga cikin kwamfuta, don ba sa son a tona asirin da ke ciki. Wata ta ce a'a, wuta aka kawo da ƙarfi ta ƙone komai. Haba jama'a! Babu aljani, babu wuta. Ni ne, ni ubanku, da rowata da taurin kaina, kuma gwamma ku ji daga bakina tun kafin a mai da ni wanda aka zalunta.

Baba Malam, mahaifin Ummanku, kun san shi da tsufa, yana zaune a zaurensa na Ringim almajirai manya suna ɗaukar karatu. Abin da ba ku sani ba shi ne gafakar da ke rataye a ɗakinsa. A cikinta akwai rubutun hannun mahaifinsa, wanda ake ce wa Malam Babba, duk da ajami: amsoshin tambayoyin da mutane suka riƙa kawo masa a kan gado da aure da iyakar gona, da waƙoƙin wa'azi, da wata doguwar waƙa a kan yadda gidanku ya taso ya zauna a Ringim. Babu kwafinsu a ko'ina a duniya. Gara ta fara cin gefensu, rufin ɗaki ya yi yoyo wata shekara ya jiƙa rabi, takardar ta yi laushi har in ka ɗaga ta da ƙarfi sai ta tsage a hannunka. Lokacin na yi ritaya na buɗe shago a unguwar Limawa cikin Dutse, ina buga wa ɗalibai aikin makaranta da katin biki da takardun neman aiki. Sai Baba Malam ya aiko Ummanku da saƙo, wai tunda surukinsa ya iya na'ura, a shigar masa da rubutun mahaifinsa ciki kafin ya rasa idonsa gaba ɗaya. Wallahi ranar baki har kunne na yini. Shekara ashirin da wani abu ina auren 'yarsa, ban taɓa cin abinci a gabansa ba, ban taɓa haɗa ido da shi ba, in na je gaisuwa daga bakin ƙofa nake durƙusawa. Yanzu ga shi ya ɗauki abin da ya fi so ya ɗora a hannuna.

Matsalar farko ita ce manhajar da nake aiki da ita ba ta iya ajami ba. Baƙi yana zama, amma wasali sai ya zame, ɗigon ƙasa ya koma inda ba a aike shi ba. Na tafi wajen Injiniya Garba, mai gyaran kwamfuta a kusa da kasuwa. Har yau ban san makarantar da ta ba shi injiniyancin nan ba, shi dai ya rubuta a allon shagonsa muka bi shi da kira. Ya ce akwai manhaja ta musamman da masu buga littattafan Larabci suke amfani da ita, kuma ta gaskiyar kuɗinta ya kai na rago mai kyau. Ya ga kuɗin ya yi mini yawa, sai ya yi dariya ya jawo aljihun teburi ya fito da faifai, an rubuta sunan a kai da alƙalamin maka.

“Alhaji, wa ya ce maka ana saye? Ga kirak nan, an fasa mata kwado. Kuɗin goro kawai za ka ba ni.”

“Ba ta da illa?”

“Illar me? Duk Dutsen nan har ofisoshi da ita ake aiki. Sharaɗi biyu ne kawai. Ka kashe mai gadin kwamfutar, don in ya gan ta zai ce ɓarauniya ce ya kore ta. Sannan kada ka bari ta hau intanet, masu ita su gan ta.”

Ku dubi wannan magana don Allah. Mutum ya gaya mini ƙarara in kori maigadi in shigo da baƙon da maigadin ya ce ɓarawo ne, ni kuma da furfurata na ce to, har da godiya. Kuma ba rashi ba ne. Raguna biyu nake kiwo a bayan gida a lokacin. Da na dawo ina ta yabon dabarata, Ummanku tana tankaɗe, ko ɗagowa ba ta yi ba.

“Alhaji, aikin Baba ne fa. Ka sayar da rago ɗaya ka sayi ta halal mana.”

“Ke me kika sani a harkar kwamfuta? Mutanen da suka yi ta suna can ƙasar waje, ko sunan Jigawa ba su taɓa ji ba. Me na rage musu?”

“Ni dai na faɗa.”

Ta ci gaba da tankaɗenta. Wannan “ni dai na faɗa” ɗin nata kun san shi, ba sai na yi muku bayani ba.

Asabar ta farko na ɗauki laftof na hau mota zuwa Ringim don in nuna wa Baba Malam shafi uku da na gwada. Na ƙara girman rubutun, ya kawo fuskarsa dab da gilashin, ya ga baƙaƙen mahaifinsa sun fito tsaf da wasullansu. Ya daɗe yana kallo yana tasbihi. Sannan ya yi mini tambayar da ban shirya mata ba.

“Malam Isa, wannan abin da ke rubutun, wani ne ya ƙera shi ko?”

“Ƙwarai, Allah ya gafarta Malam. Wasu mutane ne a ƙasar waje.”

“To, saya ka yi, ko kyauta suka bayar?”

Kaina yana ƙasa na ce, “An biya, Allah ya gafarta Malam.”

“Alhamdu lillahi. Don akwai ayoyi a ciki, ban so a ɗauko su da kayan da mai shi bai yarda ba.”

A raina na ce ai ban yi ƙarya ba, na biya Injiniya. Kun ga irin fatawar da mutum yake ba kansa in yana son abu. Tsoho wanda ko rediyo sai an kunna masa ya gane inda maganar take cikin numfashi ɗaya, ni mai shekara talatin a ofis ina ta lanƙwasa harshe.

Haka muka shiga aiki, kusan shekara guda. Yakan ba ni ƙunshi ɗaya, in tafi da shi Dutse in buga, ranar Asabar in dawo in karanta masa daga gilashi, yana gyara mini inda gara ta cinye kalma ko inda na kasa gane hannun Malam Babba. Ba na bugawa a takarda, don na ce asarar tawada ce a fitar da abin da ba a gama gyarawa ba, a bari sai an kammala a fitar gaba ɗaya. Rowa ta biyu ke nan, ku riƙa ƙirgawa. Na dai riƙa ajiye kwafi a filashi, kuma don kada ya ɓata sai na bar shi a soke a jikin laftof ɗin dare da rana, ina ganin na yi wayo.

Sai maganar tsofaffin takardun ta taso. Duk ƙunshin da ya je Dutse ya dawo, sai ya dawo a ragargaje, gutsattsari suna zuba a tabarma. Wata rana Baba Malam ya sa hannu yana lalube, ya tsinci wani ɗan guntu a ƙasa kusa da takalman mutane, aka duba aka ga sunan Allah ne a jiki. Ransa ya ɓaci ƙwarai. Kun san yadda ake yi a gidajen malamai, takardar da ke ɗauke da aya in ta tsufa ba a jefar da ita, ba a barin ta a inda za a taka. Naɗe ta ake yi a ƙyalle mai tsarki a binne a wuri mai tsarki. Ya kira ni ya matso da ni kusa, abin da bai taɓa yi ba.

“Malam Isa, waɗannan da ka gama, ka tabbata sun shiga?”

“Sun shiga, Allah ya gafarta Malam.”

“Ba za su goge ba?”

“Ko shekara ɗari za a yi suna nan. Wuri biyu ma na ajiye su.”

“To, bari mu suturta na mahaifina, sun yi aikinsu.”

Ni na riƙe fartanya. A bayan makaranta, gindin wata tsamiya inda ba a bi, na haƙa rami, ya naɗe su a farin ƙyalle da hannunsa ya sa a ciki, muka yi addu'a. Daga ranar ya zama ƙa'ida, duk ƙunshin da muka gama gyarawa sai mu kai shi gindin tsamiya. Sau tara na haƙa rami a wurin nan da hannuna, ina jin kaina wani babban ma'aikacin addini. Ƙunshi na ƙarshe da muka binne shi ne na doguwar waƙar tarihin gida, ana saura kwana kaɗan ruwan farko ya sauka.

Saura gyaran shafuka kawai a kai wa masu ɗab'i, sai manhajar ta fara fito da wani rubutu ja duk lokacin da na buɗe ta, wai ba a tabbatar da lasisi ba, nan da kwana bakwai za ta rufe. Na ruga wajen Injiniya. Ko a jikinsa. Ya ce ƙaramin abu ne, sabon makulli za a sauko mata da shi. Ya jona laftof ɗin da intanet ɗin wayarsa, shi da bakinsa ya ce kada a yi haka, ya shiga wani shafi mai cike da hotunan banza, ya sauko da wani abu ya danna. Jan rubutun ya ɓace. Ya ce, “Ka gani? Mu ne nan.” Na sayo masa lemo mai sanyi.

Washegari da hantsi na buɗe shago na kunna laftof. Duk fayil ɗin da ke ciki ya canza kama, sunayen sun koma wasu haruffa marasa ma'ana. Na danna littafin Malam Babba, ya ƙi buɗewa. Na danna na filashi, shi ma haka, tunda yana soke a jiki abin ya bi ya cinye shi. Katin bikin mutane, aikin ɗalibai huɗu, komai. A tsakiyar gilashin ga wata wasiƙa da Turanci, wai sun kulle kayana, in ina so in biya su da wani irin kuɗin intanet da ban taɓa jin sunansa ba. Na ɗauki laftof a hannu ko jaka babu, na hau babur zuwa wajen Injiniya. Ya duba, ya danna nan ya danna can, ya sosa ƙeya.

“Kai, Alhaji, wannan bairos ɗin mugu ne. Sai dai a wanke ta gaba ɗaya a sa sabuwar manhaja. Ina da kirak mai kyau.”

Wallahi da ba don mutane sun riƙe ni ba, da kun ziyarci ubanku a gidan yari. Wai yana da kirak mai kyau! Na ce littafin fa? Sai ya buɗe hannu ya ce ƙaddara ce, a yi haƙuri. Na ce ƙaddarar ce ta shiga shafin banza ta danna? Ya ce ai ni na kawo masa da ƙafata. Abin haushin, gaskiya ya faɗa.

Na je Kano sau biyu wajen masu gyara, kowa ya duba sai ya girgiza kai. A ƙarshe aka haɗa ni da wata malama mai koyar da ilimin kwamfuta, 'yar maƙwabcinmu ce a Limawa, a gabana aka haife ta. Ta duba tsaf, ta ce ko na biya mutanen nan babu tabbacin za su buɗe, yawancinsu karɓa suke su ɓace, kuma irin wannan makullin na jabu da shi suke shigo wa mutane. Sannan cikin ladabi ta ƙara da abin da ya ƙarasa ni.

“Baba, ai da ka tambaya. Akwai manhajar da masu ita suka bayar kyauta don kowa ya yi amfani, tana rubuta ajami da wasalinsa. Minti goma ne in sa maka.”

Kyauta. Ta halal, kuma kyauta, gida uku tsakanina da wadda ta sani. Ni kuwa na tsallake ta na je na sato wadda ta cinye ni, don ina jin kunyar a ce dattijo kamata ya tambayi yarinya.

Mako uku ban je Ringim ba. Na ce zazzaɓi, na ce hanya ta lalace, na ce masu ɗab'i ne suke ja mini rai. Ummanku ta san komai, don ta ga na daina cin tuwo. Ba ta ce “ai na faɗa maka” ba, kuma da ta faɗa da ya fi mini sauƙi. Ranar Juma'a ta uku ta ajiye mini shayi ta tsaya a kaina.

“Alhaji, gobe ko ka je ka gaya wa Baba, ko ni in je. Amma in ni na je, ka san ba za ka ƙara iya shiga zauren nan ba.”

Na je. Na durƙusa a inda na saba, bakin ƙofa, na jira almajirai suka watse. Na faɗa masa komai, ban rage ba, har da faifan da maka a jiki, har da ragunan da na hana kaina sayarwa. Na so ƙasa ta tsage in shige. Can ya ce,

“Na tambaye ka fa, Malam Isa.”

“Ka tambaye ni, Allah ya gafarta Malam.”

“Da ka ce mini na sata ne, da na ce a bari, mu kwafa da hannu ko shekara nawa za ta ci.”

Bai ɗaga murya ba, bai ƙara ko kalma a kai ba. Ya ce in ɗauko fartanya. Muka zaga gindin tsamiya, yana dafe da kafaɗata don ƙasa ta yi santsi. Damina ta kankama, an yi ruwa kamar da bakin ƙwarya a makonnin nan da nake ɓuya a Dutse, kuma wannan ma yana cikin abin da ba na yafe wa kaina, don da na zo ranar farko wataƙila da an ceci ƙunshin ƙarshe. Na fara da ramin ƙunshin ƙarshe, na haƙa a hankali da hannu. Ƙyallen ya fito baƙi ƙirin, na buɗe, abin da ke ciki ya zama dunƙule kamar ƙullin da aka jiƙa. Tawadar gargajiya ce, ruwa ya wanke ta tas. Na tona rami na biyu, na uku, gara ta riga ta gama da su. Baba Malam ya karɓi dunƙulen ya shafa shi da yatsa, ya ce in mayar in rufe.

Shi ne ya ce mu sake daga abin da ke kansa. Malamar nan ta sa mini manhajar halal, na sayar da ragunan duka biyu na sayi firinta da tawada, kullum muka tashi sai na fitar da abin da muka rubuta a takarda kashi uku. Amsoshin fiƙihu ya tuna da yawa, don ya shekara yana karantar da su. Waƙoƙin wa'azi ya kawo wasu cikakku, wasu rabi. Ɗan littafin nan mai shafi arba'in da ɗaya da ke cikin kabad ɗin Ummanku shi ne abin da muka samu, daga shafi sama da ɗari uku.

Doguwar waƙar tarihin gida ita ya bari ƙarshe, don ya ce tun yana yaro rabonsa da haddace ta. Wata Asabar da la'asar ya jingina da bango, ya rufe ido, ya fara rerawa a hankali ina bugawa. Ya kawo baiti shida lafiya lau. Ya shiga na bakwai, inda Malam Babba yake maganar mahaifiyarsa:

“Uwata ta goya ni ran da gari ya watse, ta bar...”

Ya tsaya. Ya koma farkon baitin ya sake, ya tsaya a wuri ɗaya. Sau huɗu yana yi. Sai ya juyo da fuskarsa wajena, idon nan da ba ya gani sosai, ya yi mini magana kamar mai roƙo.

“Malam Isa, kai ka buga ta, kai ka karanta mini ita. Me ta bari?”

Na buga ta, na karanta ta da bakina, gaskiya ne. Amma shekara talatin a ofis an koya mini in buga takarda ba tare da na san abin da ke cikinta ba, ido ya ɗauka, yatsa ya sauke, kai babu ruwansa. Ko da nake karanta masa, hankalina yana kan wasali da ɗigo. Na matse ƙwaƙwalwata har kaina ya yi ciwo, ban samo ko kalma ɗaya ba.

“Ban riƙe ba, Allah ya gafarta Malam.”

Ya gyaɗa kai, ya ce to, a bar wurin a buɗe, wataƙila ta dawo masa. Ba ta dawo ba har ya rasu, bayan Babbar Salla ta shekarar. Shi ya sa in kun buɗe shafin ƙarshe za ku ga layi ya yanke a tsakiya, ƙasansa fari fat. Ba kuskuren masu ɗab'i ba ne. Wane gari ne ya watse, me ya watsa shi, me kakar kakanku ta bari a baya ranar da ta goyo ɗanta ta kamo hanyar Ringim, babu mai rai da ya sani yanzu, kuma ni ne mutum na ƙarshe da ya karanta.